Ina ke maka ciwo? Yadda aikin katunan jiki na yaran Aboabo ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na sayo farin kwali guda ashirin a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, da alƙaluman launi da almakashi. Na daɗe ina cewa zan yi, zan yi. Abin da ya sami 'yar ƙanwata a watan jiya ne ya tashe ni tsaye.

Shekararta shida. Kwana uku tana cewa cikinta na ciwo. Uwarta ta ba ta maganin tsutsar ciki, kakarta ta jiƙa mata saiwa, ba sauƙi. Ran na huɗu jiki ya yi zafi rau, aka kai ta asibiti. Sai da nas ta durƙusa a gabanta ta ce ta ɗora yatsa ɗaya a daidai inda ke ciwon, sannan ta nuna ƙasan cibiya, ta ƙara da cewa fitsari yana mata zafi. Ashe ciwon mafitsara ne. Ta sha magani ta warke, alhamdu lillahi. Da na tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko, sai ta ce, "Inna, ai na faɗa, na ce ciki." Gaskiyarta. Kalmar da take da ita ke nan. Daga ƙirji har cinya, duk ciki ne a wurinta. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai wurin da ake kira mara.

Ina koyar da yara 34 a makarantar allo ta Asabar da Lahadi a nan Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, daga 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu. A gida Hausa suke yi, a titi Tonanci, wato Twi, a boko kuma Turanci. Harshe uku a baki, amma idan ka ce yaro ya nuna maka ƙugunsa ko haƙarƙarinsa sai ya tsaya yana kallonka.

Abin da na ƙudura shi ne katuna sittin. Kowane kati kalma ɗaya ta Hausa, da zane, da bayani wanda bai wuce jimla biyu ba, irin wanda ɗan shekara bakwai zai iya maimaita wa kakarsa. A bayan katin zan sa kalmar da Tonanci da Turanci, saboda ranar da yaro zai tsaya gaban likitan da ba ya jin Hausa. Malam ya ba ni rabin awa kowace Asabar bayan an tashi daga hadda. Wata maƙwabciyata nas ce, ta yarda ta riƙa duba duk abin da na rubuta kafin ya kai ga yara.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun fara da na waje, wanda ido ke gani. Kai, wuya, kafaɗa, hammata, gwiwar hannu, ƙirji, cibiya, mara, ƙugu, cinya, gwiwa, idon sawu, diddige. Na shimfiɗa takarda babba a ƙasa, wani yaro ya kwanta, muka zagaye shi da alƙalami, kowa ya zo ya liƙa kalma a inda ta dace. Diddige da hammata sun fi ba su wuya. Kusan rabinsu sunan Turanci suka sani.

Sai muka zo kan ƙashi, aji ya kaure da dariya. Mu a zangon Kumasi da yawanmu ba ma bambanta ƙ da k a magana, don haka ƙashin da ke riƙe jiki da kashin da ake zuwa bayan gida duk sauti ɗaya ne a kunnen yara. Na bar su suka yi dariyarsu ta ishe su, sannan na rubuta kalmomin biyu a allo, na nuna musu 'yar lanƙwasar da ke kan ƙ. Na sa su ɗora hannu a maƙogwaro su ji yadda yake ɗagawa idan an furta ta. Wani dattijo da ya yi zama a Kano yana zaune a ƙofa yana jiran jikansa, na ce, "Baba Alhaji, don Allah a taimaka mana." Ya shigo ya furta musu sau uku, suka bi.

Wannan ya sa na yanke shawarar da za ta bi dukan aikin. A fuskar kati zan rubuta daidaitacciyar Hausa da ƙugiyoyinta, domin yaron da ya girma ya ɗauki littafin da aka buga a Zariya ya iya karantawa. A bakin aji kuwa ba zan tsawata wa yaro don ya yi Hausar gidansu ba. Idan ya ce "zuciya ya na bugawa" na gane shi, likita ma da ke jin Hausar zango zai gane shi. Abin da nake nema shi ne ya san wurin, ya san sunan.

Katin ƙashi ya tsaya haka: "Ƙashi shi ne mai tauri da ke cikin jiki, shi ke tsayar da kai kamar yadda itace ke tsayar da rumfa. Babban mutum yana da 206." Sun yi mamaki da na ce jariri ya fi babba yawan ƙasusuwa, wasunsu suna haɗewa ne yayin da yake girma. Wata yarinya ta ce shi ya sa Mma ke hana ta taɓa maɗigar ƙaninta. Na ce haka ne, ƙasusuwan kansa ba su gama haɗuwa ba tukuna.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Hunturu bai gama sakinmu ba, rabin aji na tari, leɓuna duk sun tsattsage. Sai na bi abin da ke gabanmu: hanci, maƙogwaro, huhu, numfashi, majina, mura, tari.

Na zo da balan-balan biyu, muka hura muka saki, na ce haka huhu ke cika ya sake. Abin da maƙwabciyata ta ce lallai in koya wa manyan cikinsu, masu goyon ƙanne, shi ne ƙirga numfashi. A kwantar da yaro, a ɗaga rigarsa, a ƙirga sau nawa ƙirji ya tashi cikin minti ɗaya cur. Ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya, idan ya kai 50 ko ya wuce, numfashin ya yi sauri. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan kuma ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki sa'ad da yake jan iska, wannan ya wuce mura, a gaya wa babba a tafi asibiti. Sun ƙirga na junansu da agogon wayata. Katuna goma sha tara ke nan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kalmomi biyu sun ci mini mako biyu: zuciya da jijiya.

Na ce kowa ya nuna zuciyarsa. Wasu suka dafa hagun ƙirji can kusa da hammata, wasu suka dafa saman ciki, ɗaya ya dafa maƙogwaro. Ban ga laifinsu ba, harshen ne ya ɗora wa zuciya kaya da yawa. Muna cewa zuciyata na tashi alhali tumbi ne ke neman juyowa. Muna cewa ya yi zuciya idan ya yi fushi, mai farar zuciya idan mutumin kirki ne. Yaron da ke jin waɗannan kullum, yaya zai gane cewa akwai wata tsoka mai girman dunƙulen hannunsa a tsakiyar ƙirji, ta ɗan karkata hagu, mai ɗakuna huɗu, wadda ba ta hutawa dare da rana? Sai na raba su kati uku. Zuciya: tsokar da ke tura jini ko'ina a jiki. Tashin zuciya: jin kamar za ka yi amai, daga ciki yake zuwa. Ƙwannafi: zafi a ƙirji bayan cin abinci, shi ma daga ciki yake tasowa. Na so ƙwarai a ce wani ya raba mini su haka tun ina ƙarama, domin na ga tsofaffi da yawa suna kiran duk wani zafin ƙirji ƙwannafi, su sha kanwa su kwanta, alhali wani ciwon ƙirjin na zuciya ne da ke bukatar asibiti nan take.

Na koya musu neman bugun jini a wuyan hannu da yatsu biyu, ba da babban yatsa ba. Suka ƙirga a zaune, yawancinsu tsakanin 80 da 100 a minti. Na sa su yi tsalle talatin a tsakar gida suka sake ƙirgawa. Wani ya zaro ido ya ce, "Malama, nawa ya lalace!" Na ce a'a, ƙafafunka ne suka nemi ƙarin jini, zuciya ta amsa.

Jijiya kuwa har yanzu ban gamsu ba. Kalma ɗaya muke kiran abu uku da ita: bututun da jini ke bi, da zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Ta ƙarshen na samu sauƙi, akwai agara, kuma kowane yaro na iya kama tasa a bayan diddige. Sauran biyun na rubuta "jijiyar jini" da "jijiyar saƙo". Don su ji ta biyun, na tuna musu yadda hannu ke yin yam kamar an ja wuta idan ka bugi gwiwar hannu a gefen benci. Duk sun san wannan. Maƙwabciyata ta ce a asibiti "jijiyar laka" ta fi ji a bakin wasu, amma laka ita ce wadda ke cikin ƙashin baya. Na bar "saƙo" domin yara sun kama ta nan da nan.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya tsayar da ajin. Malam ya mayar da rabin awar ga tilawa, kuma daidai ne. Ina zane da daddare bayan asham. Na ƙarasa haƙori, dasashi, harshe da ƙishirwa. Haƙoran yarinta 20 ne, na girma 32, na farko kan fara faɗuwa wajen shekara shida. Kwalin da na sayo ya ƙare.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ruwa ya sauka, kwatoci sun cika, rafin Aboabo ya fara kwaso shara yana ajiye wa mutane a ƙofar gida kamar yadda yake yi duk shekara. Lokacin gudawa ne, don haka yau gudawa, amai, da bushewar jiki.

Abin da na fi so ya zauna a kansu shi ne cewa gudawa tana kashe yaro ne ta hanyar zuƙe ruwan jikinsa. Na huda ledar fiya wata a gindi, ruwa na zuba, ledar na yamushewa a hannuna. Na ce to me za a yi? Suka ce a ƙara ruwa. Daga nan muka haɗa ruwan gishiri da sukari a gabansu: ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata tunda kowace rabin lita ce, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kowa ya ɗanɗana. Na ce kada gishirinsa ya fi na hawaye. Na kuma gaya musu cewa na ƙulli da ake sayarwa a kemis ya fi, a bi yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, kuma a asibiti ana haɗawa da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa sha huɗu. Alamomin bushewa da muka zana: ido ya faɗa, baki ya bushe, kuka ba hawaye, fitsari ya ragu, maɗigar jariri ta lotsa.

Wata yarinya ta ce ƙaninta na gudawa amma Kaka ta ce haƙori ne. Na yi shiru na ɗan lokaci, don ba na son in aika yarinya gida ta je ta ƙaryata kakarta. Abin da na ce mata shi ne, lokacin fitar haƙori yaro na rarrafe yana cusa duk abin da ya samu a baki, daga nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Ko haƙori ne ko ba haƙori ba, ruwan da ke fita sai an mayar da shi. Ta ce wannan za ta iya faɗa wa Kaka.

Mun wanke hannu a bokitin Veronica da aka ajiye mana tun lokacin korona, mai famfo a gindi da roba a ƙasa. Na gaya musu wata 'yar Ghana ce, Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya, ta ƙirƙiro shi, sunanta ne a kai. 'Yan matan sun ji daɗin wannan sosai. Sabulu, daƙiƙa ashirin, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Buta kaɗai ba ta wadatar bayan an fito daga bayan gida, wannan ma na faɗa, ko da yake na san a gidaje da yawa sabulun wanka ne kawai ake ajiyewa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Jiya ce ranar zazzaɓin cizon sauro ta duniya, sai na ɗora darasin a kai.

Matsalar a nan ma ta kalma ce. Duk zafin jiki a wurinmu maleriya ne. Sai na yi kati biyu. Zazzaɓi: jiki ya yi zafi fiye da kima, alama ce cewa jiki na faɗa da wata cuta. Zazzaɓin cizon sauro: cuta ɗaya daga cikin masu kawo zazzaɓi. Na ari ma'aunin zafi, muka gwada mutum biyar. Lafiyayyen jiki yana wajen 37, idan ya kai 38 zazzaɓi ne. Wace cuta ce ta kawo shi, wannan sai an ɗiga jini daga yatsa an gwada, minti goma sha biyar zuwa ashirin sakamako ya fito.

Na ba su labarin kamar tatsuniya. Macen sauro ce ke cizo, da dare. Ta bar wata ƙwaya da ido ba ya gani. Ƙwayar ta wuce hanta ta ɓuya ta hayayyafa, sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Shi ya sa ake rawar sanyi, shi ya sa kuma tafin hannun yaro da cikin fatar idonsa ke yin fari idan abin ya daɗe. Wani yaro ya ce babansa ya ce mangwaro da zafin rana ke kawo ta. Na ce lokacin mangwaro da lokacin da ruwa ke kwanciya a kwata kusan tare suke zuwa, sauro kuma a ruwan da ya kwanta yake ƙwai.

Ghana na cikin ƙasashe uku da aka fara gwajin rigakafin wannan cuta ga yara a 2019, tare da Kenya da Malawi, kuma ita ce ta fara amincewa da rigakafi na biyu, R21, a 2023. Na faɗa musu, na kuma ce allurar ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba. Da na tambayi wa ya kwana a ciki jiya, hannu goma sha ɗaya ne ya tashi. Sauran suka ce zafi.

Katin jijjiga na ƙara daga baya: a kwantar da yaro a gefensa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai, a kira babba.

Asabar, 17 ga Mayu

Makonni uku ban rubuta komai a nan ba, saboda aikin ya kusa tsayawa.

Tun farko na san akwai katunan da za su yi nauyi: al'aura, gaba, dubura, mafitsara, nono. Su ne ma dalilin aikin, tunda daga mara aka fara. Na nuna wa Malam rubutun kafin in zana komai. Ya karanta, ya ninke takardar, ya ce, "Malama, wannan ba na gaban yara ba ne. Iyaye za su ce mun buɗe musu ido." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in zauna da iyaye mata tukuna." Ya amince.

Mata goma sha shida suka zo ranar Lahadi bayan la'asar. Wata Hajiya da kowa ke jin maganarta a layinmu ta fara, ta ce su da kunya aka rene su, kuma ba su lalace ba. Na ce, "Hajiya, gaskiya ne, ni ma da ita aka rene ni, kuma ba na so 'ya'yanmu su rasa ta." Sannan na ba su labarin 'yar ƙanwata. Na kuma tuna musu cewa babin tsarki da muke karantar da yaran nan, tun daga Ahalari, yana maganar abin da ke fita ta gaba da ta baya da abin da ke warware alwala, kuma ba wanda ya ce malaman da suka rubuta ba su da kunya. Abin da ya rage shi ne wanda ya fi mini nauyi a baki, amma na faɗa. Yarinyar da aka hana ta sunan wuri, ranar da wani ya taɓa ta a wurin, da me za ta kawo ƙara? Za ta ce ciki na ciwo, a ba ta maganin tsutsa.

Ɗakin ya yi tsit. Wata matashiya da ke can baya ta fara share hawaye da gefen mayafi, ba wanda ya tambaye ta dalili. Hajiya ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce a koyar, amma da sharaɗi uku: maza daban mata daban, ba zanen tsiraici, kuma katunan nan ba za su shiga hannun yara su yi ta yawo da su a layi ba, iyaye mata za a ba. Na karɓa duka. Malam ya ce shi zai ɗauki maza da kansa.

Zanen da na yi yaro ne da yarinya sanye da kaya, an yi wa inda wando da shimi ke rufewa launi. Rubutun kuma: "Wurin da wando ke rufewa al'aurarka ce. Ba mai dubawa ko taɓawa sai Mma idan tana maka wanka, ko likita a gaban Mma. Idan wani ya taɓa, ko ya ce kada ka faɗa, ka faɗa. Ba laifinka ba ne." Ya wuce jimla biyu, na bar shi haka. Yau na koyar da 'yan mata goma sha tara. Da farko suna rufe fuska da hijabi, daga baya tambayoyi suka yi ta zuwa har aka kira magariba. Manyan cikinsu sun tambayi jinin al'ada. Babu shi a lissafina, yanzu ya shiga.

Lahadi, 8 ga Yuni

Layya ta yi mini aikin da zane ya kasa. Tun kafin Sallah na roƙi wani mahauci a layinmu, idan ya zo fiɗar ragon gidanmu ya bari yara su tsaya. Goma sha biyu suka zo da kayan Sallarsu.

Ya fi ni iya koyarwa. Ya ɗaga huhu, ya hura ta maƙogwaro, ya kumbura a gabansu, suka ja da baya suna salati. Ya nuna hanta, da matsarmama a manne da ita, ya ce idan ta fashe nama ya yi ɗaci. Ya ciro ƙoda biyu, ya bi da yatsa har mafitsara, ni kuma na ce su ne matatar jini, abin da suka tace shi ne fitsari. Ya warware hanji a cikin daro, tsawonsa ya ba su mamaki. Zuciya ya tsaga biyu suka leƙa ɗakunan da na daɗe ina faɗa musu. Tumbi ne kawai na ce su lura, na rago kashi huɗu ne saboda yana tuƙa, namu ɗaya ne. Duk sunayen nan a bakinsa suke, ba ya laluben ko ɗaya. Na fahimci cewa kalmomin da nake ta nema a littattafai suna nan da ransu a mahauta, ba su dai iso gida ba ne. Na ce, "Baba, wannan doguwar mai duhu fa?" Ya ce saifa. Na rubuta.

A hanyar komawa na tuna da kalmar kwashiyoko, wadda likitocin duniya duka ke kiran wata irin tamowa da ita. Daga harshen Ga na mutanen Accra ta fito, sunan da suke ba ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙani an yaye shi. Wata likita, Cicely Williams, ta ji ta a Accra a shekarun 1930 ta shigar da ita rubutun likitanci. Zan gaya wa yaran wannan idan mun zo katin tamowa.

Asabar, 21 ga Yuni

Ranar Alhamis da ta wuce, 19 ga wata, ita ce ranar sikila ta duniya. Ina da yara biyu a aji masu ita, kuma na ji ana ce wa ɗayan ragon maza saboda ba ya buga ƙwallo idan an yi ruwa. Na nemi izinin uwarsa da nasa kafin in taɓa maganar, kuma ban ambaci sunan kowa ba.

Kakanninmu sun san ciwon kafin a kawo na'ura. Mu muna cewa amosanin jini, Tonawa suna cewa ahotutuo. Na zo da ƙullun fulawa, muka mulmula wasu kamar ƙosai, wasu muka lanƙwasa kamar lauje, muka tura su ta cikin bututun roba. Masu zagaye suka wuce, masu lanƙwasa suka sarƙe suka toshe hanya. Na ce wannan toshewar ce ke kawo ciwon da ke sa yaro kuka da ƙashi. Lafiyayyar jar ƙwayar jini tana kwana wajen 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, shi ya sa jininsu ke ƙaranci, su gaji da wuri. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi na tayar da shi. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko wasa tare, gado ne daga uwa da uba duka biyu. Idan dukansu AS ne, wato suna ɗauke da gadon amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon kansa. Na nanata "kowane ciki", don mutane da yawa suna ɗauka cewa idan ɗaya ya fito da shi, ukun da ke biye sun tsira.

A Ghana, nan Kumasi aka fara yi wa jarirai gwajin sikila tun daga haihuwa a 1995, a asibitin Komfo Anokye, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Na ce kowa ya je ya tambayi Mma ko ta san jininsa AA ne, AS ne ko SS. Saifar da mahauci ya nuna musu ta dawo a nan: tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari, kuma idan ta kumbura farat ɗaya a jikin ƙaramin yaro mai sikila, jikinsa ya yi fari ya saki, ba a jira gari ya waye.

Da aka tashi, yaron bai ce mini komai ba. Ya tsaya ya taya ni kwashe ƙullun, ya tambaya ko zai iya tafiya da bututun ya nuna wa 'yan ajinsu na boko. Na ba shi.

Asabar, 5 ga Yuli

Katuna 54 sun kammala, maƙwabciyata ta duba 47. Ta dawo mini da na ƙyanda da na shan inna, ta ce in ƙara cewa akwai rigakafinsu kuma kyauta ne a wurin awon jarirai. Na shawara ta ce in raba shi, don shawarar jariri sabon haihuwa daban take da ta babba, kuma jaririn da idonsa ya yi ɗorawa asibiti ake kai shi, ba rana ake shanya shi ba.

Bayan katunan ne ya rage baya. Turancin na gama, Tonancin kuwa ina iya yi a kasuwa amma ban amince da rubutuna ba, don haka wata malamar boko Batoniya da muke haya gida ɗaya za ta zauna da ni ranar Laraba. Kwali kuma ba ya jure hannun yara, na farkon duk sun yi laushi, na gwiwa ya yage biyu. Na tambayi kuɗin bugawa da rufewa da leda a shago biyu a Adum, abin ya fi ƙarfina ni kaɗai. Hajiya ta ce za ta kai maganar wurin adashin mata na ƙarshen wata.

Uwar wani yaro ta tare ni a wurin mai koko ta ce ɗanta ya tashe ta da dare ya ce haƙarƙarinsa na dama ke suka idan ya ja numfashi, kuma ya ƙirga wa kansa da agogo. Ta kai shi da safe, yana shan magani yanzu.

Shida suka rage: ƙwaƙwalwa, farfaɗiya, tamowa, jinin al'ada, sanƙarau, da ƙwayar cuta. Ta ƙarshen ce ke hana ni barci. Sau huɗu na rubuta bayaninta ina gogewa, domin duk sanda na ce abu ne mai rai da ido ba ya gani, wani cikin ƙananan sai ya ce aljani. Maƙwabciyata na neman wanda zai ara mana madubin ƙara girma na ɗakin gwaji na yini ɗaya, mu ɗebo ruwan kwatar bayan makaranta su leƙa da idonsu. Idan ya samu, Asabar mai zuwa da shi za mu fara.